Takalmi a Bakin Zaure

Ranar sadakar ukun Hapsatu, mijinta Malam Hamman ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa, idonsa a kan takalman da ke bakin ƙofa. Ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma ya saba duba wanda ya zo aji da wanda bai zo ba. Ga silifas ɗin 'yan kasuwa, ga takalmin robar Tizhe, manomin Digil, da laka har idon sawu. Na Mubashshir, ɗan Malam tilo, babu.

Mubashshir yana aiki a Fatakwal. Bai samu jana'izar mahaifiyarsa ba, wannan kam babu wanda ya zarge shi, tunda ba a jinkirta gawa. Amma yau ma bai zo ba, kuma mutanen unguwa sun fara tambaya a hankali, irin tambayar da mai yin ta ya riga ya san amsa.

Bayan an shafa fatiha, Sulaiman, ƙanin Malam, ya matso da waya. Ya ce yaron ne a bidiyo, yana so ya yi ta'aziyya, don Allah Yaya ya karɓa a wuce wurin.

Malam bai miƙa hannu ba. Ya ce a jingina ta da bango a kan tabarma, inda baƙi suke zama.

Fuskar Mubashshir ta fito, idanu a kumbure. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya ce an hana shi hutu, hanya kuma da nisa. Sannan ya ƙara da cewa a ofishinsu ma ta bidiyo ake taro yanzu.

"Baba, ai face to face ke nan. Ina ganinka, kana ganina."

"Haka suke cewa yanzu," in ji Malam. "Amma Turawan da suka ƙera wayar ba su yar da in person ba. Sun san akwai ranar da za a nemi mutum da ƙafarsa."

Aka shigo da gumbar sadaka ana rabawa. Malam ya ɗauki curi guda ya ajiye a gaban wayar, kamar yadda aka ajiye wa kowa. Babu wanda ya yi dariya. Tizhe ya cinye tasa ya karkaɗe hannu. Ta Mubashshir tana nan, ƙuda ya fara sauka a kai.

Yaron ya dubi gumbar ta cikin wayar. Can ya tambaya ko Baba ya karɓi gaisuwarsa.

"Na ji ta," in ji Malam. "In ka zo na karɓa."

Sulaiman ya ɗauke wayar ya fita waje, ana jin sa yana ba yaron haƙuri. Malam ya sa aka rufe gumbar da faifai aka kai ɗakin Hapsatu, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ranar bakwai da hantsi, wani keken Napep ya tsaya a ƙofar gida. Malam bai ɗaga kai ba sai da ya ga baƙin takalmi sau-ciki a tsakanin silifas, duk jar ƙasar hanya. Ya ce wa Sulaiman a shiga a ɗauko gumbar. Ta bushe ta yi tauri, Mubashshir kuwa ya durƙusa ya ci.