Kafaɗar da Baba ke dafawa

Kafinta mutum ne mai baki, ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai ya tsaya ya yi mata faɗa. Amma ranar da aka binne Dogo, ɗan maƙwabcinsa, ya shiga ya durƙusa gaban uban mamacin, ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Addininsu ba ɗaya ba ne, yana tsoron ya faɗi abin da bai dace ba. Ya riƙe hannun tsohon, ya tashi ya fita kunya na cin sa.

Baba, uban Dogo, ya daɗe ba ya gani, Dogo ne idonsa. Da an kira salla sai ya rufe shagonsa na gyaran rediyo, ya zo ya tsaya a ƙofar gida, tsohon ya dafa kafaɗarsa su nufi masallaci. In sun zo wucewa ta gaban Kafinta, Dogo ba ya rasa tsokana.

"Gajere, hau benci mu gaisa."

"Kai dai sunkuya, kada ka tsinke mana wayar wuta."

Baba ya yi ta dariya a baya. Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya kwashe wannan duka.

Da farko masu zuwa gaisuwa kan ja tsohon zuwa masallaci. Sannu a hankali kowa ya koma sabgarsa, shi kuwa Baba ba mai roƙo ba ne. Daga shagonsa Kafinta yana ganin abin da ke faruwa: a kira salla, Baba ya sa hula ya fito bakin ƙofa, ya zauna yana sauraren takun mutane har layin ya yi tsit, sannan ya cire hular ya lallaɓa ya koma ciki. Kullum ƙara ramewa yake. Abin ya tsaya wa Kafinta a rai.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya zaɓi katako mai kyau ya sassaƙa sanda, ya goge ta sumul, ya sa mata roba a gindi. Baba ya shafa ta daga sama har ƙasa.

"Aiki ya yi kyau, ɗana. Allah ya yi albarka."

Ya jingine ta bayan ƙofa, can ta ci gaba da shan ƙura.

Matar Kafinta ba ta raga masa ba. "Kai komai katako. Sanda ce za ta ce masa ga kwata, Baba, ɗaga ƙafa?"

"To ni me zai kai ni masallaci?"

"Wa ya ce ka shiga? Kai shi bakin ƙofa ka jira."

Da la'asar ya ajiye zarto, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya tsallaka zuwa ƙofar gidan Baba.

"Baba, ni ne. Taso mu je, sun kusa tayarwa."

Tsohon ya juyo wajen muryar. "Aikinka fa?"

"Zai jira ni."

Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga hannu sama, can inda kafaɗar Dogo take. Hannun bai sami kowa ba. Ya tsaya can sama. Kafinta ya miƙe a kan yatsun ƙafa iya ƙarfinsa, duk da haka bai kai ba. Bai taɓa jin haushin gajartarsa ba sai ranar. Ya kama hannun a hankali, ya sauko da shi kan tasa kafaɗar.

Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya ga hawayen Baba. Yanzu suka zubo har cikin gemunsa. Ya matse kafaɗar sosai.

"Ashe gaskiya yaron nan yake faɗa," in ji shi. "Gajere ne kai."

Kafinta ya gyara wa hannun zama a kafaɗarsa. Suka kama hanya. Da suka zo shan kwana, Kafinta ya rage sauri ya ce:

"Ga kwata, Baba. Ɗaga ƙafa."