Tibiri Kafin Jiratawa

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da kowane tela a Maraɗi ya zama masanin siyasa, ma'aikatan gwamnati kuma suka ƙware a zaman gindin bishiya da sunan yajin aiki, burodin Hajiya Malika ne kaɗai bai rame ba. Gidan burodinta na Sabon Gari ya kai matsayin da masu tanderu ke zuwa roƙon ta ara musu sunanta. Tsarin a bayyane yake: mutum zai karɓi garin alkama daga hannunta, ya gasa yadda ta koya masa, ya sayar da sunanta. Sharaɗi ɗaya ne ba ta sassautawa. Duk wanda ya shigo, sai ya sauke allon sunansa da hannunsa ranar kasuwa, ya kafa nata, don kada wani ya ce bai gani ba.

Cikin Maraɗi ya cika, sai fita waje. Amma motar kai garin alkamar ɗaya ce, tsohuwa kuma, ba za ta iya hanya biyu ba. Dole a zaɓi inda za a fara: Jiratawa ko Tibiri.

Ƙanenta Bilal, malamin lakwal, wato makarantar boko, da albashinsa ya ɓace a hanya, shi ne mai ba ta shawara. Da yake zamanin ƙuri'a ne, sai ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya yi musu jawabi kamar a taron ƙasa. Ya ce Jiratawa akwai masu noman rani, suna fita tun asuba, suna shan shayi a bakin gona, kuma babu tanderun kirki ko ɗaya. Tibiri kuwa tanderu biyu ke faɗa a kan masu shayi 'yan kaɗan. Aka ɗaga hannu. Kowa ya zaɓi Jiratawa.

Hajiya ta gyara mayafinta. "Na ji ra'ayin jama'a. Tibiri za mu."

"Yaya, to mi ne amfanin ƙuri'ar?"

"Ka tambayi waɗanda ka zaɓa bara."

Bilal ya san abin da ke Tibiri. Ɗaya daga tanderun nan biyu na Ya'u ne, yayan mijinta marigayi Rashid. Lokacin da Rashid ya rasu, tun ba a naɗe tabarmin ta'aziyya ba, Ya'u ya zo da tsani ya cire allon da ke ƙofar gida, mai ɗauke da rubutun "Burodin Rashid". Tana cikin takaba, ba halin ta fito ta yi sa-in-sa da namiji a gaban masu gaisuwa. Daga ɗaki ta ji kukan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ji shi yana faɗa wa mutane cewa suna gadon maza ne. Ya kai allon Tibiri ya kafa, ya ci albarkacinsa shekaru. Ita kuwa ta fara daga toka.

Sai ta aika Tibiri cewa Sha'ibu za ta ba sunanta, wato mai ɗaya tanderun, wanda ƙofarsa ke kallon ta Ya'u. Ta tabbatar an faɗi maganar a wurin masu shayi, inda labari ba ya kwana. A lokacin, tsadar garin alkama ta riga ta ci ƙarfin Ya'u. Burodinsa ya ƙanƙance har masu shayi na tambayarsa ko da allura yake awo. Idan Sha'ibu ya samu garin Hajiya, sai dai Ya'u ya mayar da tanderunsa akurkin kaji.

Ba a daɗe ba Ya'u ya zo, cikin babbar riga da ta ga zamani, da dattawa biyu na dangi a bayansa. Suka yi doguwar gaisuwa, suka jawo zancen zumunta, suka ce abin kunya ne a tsallake ɗan'uwa a ba bare.

"Gaskiya ne," in ji Hajiya, idonta a ƙasa kamar na kowace mai ladabi. "Ni ban san Yaya na so ba. Na ɗauka suna gadon maza ne."

Ya'u ya yi gyaran murya. "Hajiya, abin da ya wuce ya wuce."

"Ya wuce ƙwarai. Har Tibiri ya kai. Na ba ka, Yaya, da sharaɗin da kowa ke bi."

"Allon ƙanena ne fa. A bar shi gefe guda, a kafa naki kusa da shi."

"Tsanin nan naka yana nan, ko ka sayar?"

Dattawan suka dubi juna. Su suka roƙa, an kuma ba su.

Ranar kasuwar Tibiri, da hantsi, lokacin da jama'a suka fi cika, motar gari ta tsaya a ƙofar Ya'u. Hajiya ba ta sauko ba. Ta buɗe tagar motar kawai, don ta ji da kyau. Ya'u ya hau tsani da guduma, masu shayi na yi masa sannu da murya mai daɗi. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai kukansu ya fi na wancan karon tsawo. Da ya gama kafa allon da ke ɗauke da sunanta, ya rungumo tsohon ya kawo bakin mota.

"Ina za a sa shi?"

"Nan gaba, kusa da ni. Ka goge shi tukuna, ya yi ƙura."

Ya goge shi da hannun babbar rigarsa.

A hanyar komawa Bilal ya shaida mata cewa wani Alhaji ya riga ya fara gina tanderu a Jiratawa, kasuwar ta kuɓuce ke nan, wataƙila har abada.

"Allah ya sa masa albarka," in ji Hajiya. Ta ɗora tafin hannunta a kan fentin allon da ya koɗe, ta ce wa direba ya rage gudu, hanyar akwai ramuka.