Bencin da Ya Riga Kwamiti Isa

Ranar da aka naɗa ta shugabar kwamitin majalisa mai sa ido kan makarantu, ta ce abu ɗaya ta sa a gaba: duk abin da gwamnati ta ce ta saya wa yara, a je a gan shi da ido, a taɓa shi da hannu. 'Yan majalisa suka yi mata tafi sosai, tunda tafi ba sayensa ake yi ba.

Kwamitin yana da tsarin da ta tarar. Mako biyu kafin ziyara sakatare zai aika wasiƙa, ya jera makarantu da lokacin da za a isa kowace, wai don kada a ba mutane kunya. In an isa, shugaba za ta zauna a benci tsakiyar yara a ɗauki hoto, daga nan a shiga ofis a sha lemo, a saurari jawabi na kusan awa guda.

Ranar ziyara, shugabar makarantar da ke farkon jeri yayarta ce, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara talatin da huɗu Yaya tana cin ƙurar alli, saura wata bakwai ta yi ritaya. Ta tarbe su a bakin ƙofa da murmushin da bai kai ido ba.

"Auta, kin rame. Majalisar ba a ba ku abinci ne?"

"Surutu muke ci, Yaya."

Azuzuwa cike suke da sababbin bencina, suna ƙamshin fenti, hasken safiya na kwance a kansu. Daɗi ya kama 'yar majalisa har wuya. Ta zauna a layin gaba kusa da taga, aka ɗauki hoto. Da za ta tashi sai wata ƙusa a gefen bencin ta kama hannun rigarta, ta yaga shi kaɗan. Aka yi ta ba ta haƙuri, ita kuwa dariya ta yi.

A motar kwamiti rana ta fara zafi, iskar taga tana shafa mata fuska, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta ga bencina suna tafiya a gefen titi, a jere kamar shanu za su rafi, ba mai kora su. Yara na biye da su a guje ba takalmi, sai sun kusa kamawa bencinan su ƙara sauri. Ta farka direba na taka birki a makaranta ta biyu.

Nan ma ƙamshin fentin ne, da hasken, da tafin. Ta ji kamar ba ta gama farkawa ba, kamar safiyar ce ta dawo ta canza fuskoki kawai. Ta ce a ranta gajiya ce. Jawabin nan ya fi na farko tsawo, shugaban makarantar yana yi yana leƙen taga, sai da wani ya ɗaga masa hannu daga waje sannan ya ce "daga ƙarshe".

A makaranta ta uku ta zauna a layin gaba kusa da taga. Mai hoto ya ce a yi murmushi. Ta yunƙura za ta tashi, ƙusa ta kama hannun rigarta, a daidai inda ya yage. Ta sunkuya ta duba. Zaren rigarta na safe yana nan a naɗe a kan ƙusar.

Ta daɗe tana kallonsa. Ashe lemon da jawabin ba karamci ba ne, lokaci ake ba babbar mota ta kwashe kaya ta riga su isa. Wasiƙar sakatare kuwa ita ce ta shata wa motar hanya. Masu lodin ma mutane ne masu tsari, yadda suka ɗauko haka suke jerawa, na gaba a gaba, na taga a taga.

Ba ta shiga ofis ba. Ta ce wa direba ya juya zuwa makaranta ta farko. Sakatare ya biyo ta yana haki.

"Ranki ya daɗe, kwamiti ba ya komawa inda ya baro. Kuma ki tuna, duk wanda ya sa hannu cewa ya karɓi bencinan nan, shi za a fara kamawa. Na sama ba sa barin sawu."

"Na sani," ta ce. Ta kuma san hannun waye a takardar makaranta ta farko.

Sun isa saura kaɗan a tashi yara. Harabar shiru, sai sawun tayoyi a ƙasa. A ajin da aka yi hoto yara na zaune a kan siminti, littattafai a cinya, ƙamshin fenti bai gama fita ba. Yaya na tsaye gaban allo tana riƙe wa wani malami darasi. Da ta ga ƙanwarta sai ta ajiye allin, ta sallami yaran.

"Kwamiti huɗu suka zo nan kafin naki," ta ce. "Ba wanda ya taɓa dawowa."

"Me ya sa kika sa hannu, Yaya?"

"An ce kaya na hanya, in sa hannu kafin su iso. Wata shugabar makaranta ta ƙi, aka jefa ta inda ko mota ba ta zuwa. Na ji tsoro, Auta. Na ce saura kaɗan in huta."

"In na rubuta, sunanki zai shiga."

"To in ba ki rubuta ba, sunan wa zai shiga?"

Tausayi da haushi suka cika 'yar majalisa, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa. Ta so a ce wannan ma gyangyaɗin mota ne, yanzu direba zai taka birki. Ba wanda ya taka. Ta karɓi takardar rahoto daga hannun sakatare, ta ciro biro, ta waiga neman inda za ta ɗora. Ajin ba tebur, ba kujera, bangon kuma duk ya farfashe. Ta gwada a tafin hannu, biron ya huda takardar.

Yaya ta dube ta, ta girgiza kai irin na babba ya ga yaro na fama. Ta juya, ta dafa gwiwoyinta, ta rusuna.

"Ɗora a nan. Bayan nan ya ɗauke ki kina kuka, takarda ba za ta gagare shi ba."

Auta ta shimfiɗa takardar tsakanin kafaɗun yayarta. Tana jin numfashinta na ɗaga takardar yana sauke ta. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta sunan makarantar, ta zo layin wanda ya sa hannu, sai biron ya tsaya.

"Ki danna sosai," Yaya ta ce, ba ta waigo ba. "Ba na jin kina rubutu."