Kaurar Malam Rabo

Malam Rabo na durƙushe yana jera fasassun bulo a bayan gida lokacin da surukarsa Ummu Salma ta leƙo daga ƙofa ta ce ana sallama da shi. Bai tashi nan take ba. Sai da ya danna bulon ƙarshe da dunduniya, ya karkace kai ya duba ko hanyar ta miƙe.

Wata biyar ke nan yana kan wannan aiki. Da suka baro ƙauyensu na gefen Pauwa suka tare a gidan ɗansa Salahuddeen a Ƙanƙara, bayan gidan juji ne kawai, leda da toka da tsohon kwano. Zama ya ishi tsoho, har ya fara faɗa da kaji. Ummu Salma ce ta nuna masa hoton wani lambu a waya, ta ce ko Baba zai gyara musu wurin su sami inda za su sha iska. Ai kuwa kamar jira yake. Ya kwashe jujin, ya haƙa wa ruwa hanya, ya roƙo takin awaki a maƙwabta. Ya dasa lalle a jikin katanga, zogale uku, da wasu furanni da har yau bai yarda suna da wani amfani ba. Ya jawo kututturen darbejiya ya zama wurin zama.

Amma manomi manomi ne. A kusurwar gabas ya ja kunya biyu, ya zuba kaura. Zangarniya huɗu ya fito da su a aljihu ranar gudu, irin da ya karɓa daga hannun mahaifinsa. Shekara biyu suna rataye a ɗaki, ya kuwa san in suka shiga ta uku ba lalle su tsira ba, don haka ya shuka duka. Kara ashirin da uku suka tashi, suka wuce katanga, suka fidda kai. Mako uku ya rage su nuna.

Hadi ne a ƙofar gida, shugaban 'yan sintirin unguwa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana tambayar gajiya da iyali, abin da ya nuna ba da alheri ya zo ba.

"Baba, maganar dawar nan ce. An yanke shawara duk gidan da ke bakin gari a sare abin da ya yi tsawo. Gidanku shi ne na ƙarshe, daga ku sai daji."

"Kara ashirin da uku? Wa zai ɓuya ciki, ɗan nan? Ko kaza sai ka hango ta."

"Na sani, Baba. Amma ta tsohuwata ma jiya na sare da hannuna. In na bar taka, mi zan ce ma mutane?"

"Iri ne. Ba ni da wani bayan wanga."

Hadi ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Can ya ce, "In ba ta kai ƙugun mutum ba, ban gan ta ba. Zan dawo bayan la'asar."

Malam Rabo ya koma ciki da dabara a ransa. Ya yi ta ɗibo ruwa yana zubawa a gindin dawar har ƙasa ta yi laushi, ya fere turaku, ya murza igiyar rama. Nufinsa ya kwantar da karan a hankali ya ɗaure, saiwa na cikin ƙasa, kai na shan rana. Ya sha ganin iska ta kwantar da dawa ta kuma nuna a kwance. Sai dai abin da iska ke yi, hannu bai iya shi ba. Na farko ya karye a gaɓa. Na biyu ma haka. Ya tsaya ya share zufa, ya ƙara ruwa, ya riƙa lallaɓa su yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai kwantar da maras lafiya. Kowane ƙas da ya ji, a ƙirjinsa yake jin sa.

Kafin azahar goma sha tara sun tafi. Huɗu suka kwanta lafiya. Ya zauna a kututture yana kallonsu. Huɗu sun isa, da huɗu ya zo.

Ummu Salma ta kawo masa fura. Daga bakin ƙofa ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta miƙa hannu ta tura shi gaba.

"Ƙaraso mana, 'yar nan. Zo ki ga an tsira da huɗu."

"Na gani daga nan, Baba. Sannu da aiki."

Iska ta taso, ganyen dawar ya yi kwaramniya. Ya ga kafaɗunta sun ɗaga, ta damƙe bakin mayafinta, idonta na ƙasa. A nan ne ya tuna rabon da ya ga ƙafarta a wannan wuri tun dawa na gwiwa. Shanya ma a tsakar gida take yi yanzu.

"Mi ke damun ki?"

Ta kau da kai daga dawar.

"Ƙarar ganyen ce, Baba. Tagar ɗakina nan take. In na ji ta sai in ji kamar hannun Hussaina na cikin nawa." Ta share hawaye. "Ni na yi ma Hadi magana. Na kasa faɗa maka. Ka yahe mani."

Ya san labarin, gidan duka an sani. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyen su Ummu Salma, cikin gonar dawa ta ɓuya da ƙanwarta Hussaina, ita kaɗai ta fito. Shi dai bai taɓa haɗa wannan da wancan ba. A kunnensa ƙarar dawa ƙarar gida ce, ya yi ta murna yana kiran ta ta zo ta ji, wata biyu cur. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki da bai san wa zai ɗora wa ba.

"Mijinki ya sani?"

Ta girgiza kai.

"To. Shiga ciki."

Ya kai hannu ga zangarniya ɗaya, ya cire ƙwaya ya matse tsakanin farce. Farin ruwa ya fito. Ko an shanya ta shekara ba za ta zama iri ba. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya ɗauko lauje daga jikin katanga, ya yi bisimilla, ya yanke huɗun daga gindi. Ya tumɓuke saiwoyin, ya baje kunyar da fartanya har wurin ya koma fili.

Da Hadi ya dawo bayan la'asar, sai ya kama masa aka ɗaure karan dami guda. Malam Rabo ya hana shi ɗauka. Ya ɗora a kansa ya kai gidan maƙwabcin da ke ba shi taki, ya sauke a gaban awaki.

"Kaura ce," ya ce wa mai gidan, "ta wajenmu."

Ya tsaya nan har suka cinye.