Ranar Cin Gumba a Tsaye

Kai ma ka gani, ka kau da kai. Ka ga dattijon gidanku yana wata al'ada da ba ka gane ba, ka ce tsufa ne, ka koma kan wayarka. Haka muka yi a gidanmu na unguwar Khumra a Jidda, har tamu ta kusa mutuwa muna kallo.

A danginmu, duk shekara akwai ranar da ba a hura wuta. Gumba ake dakawa, a ci a tsaye, kowa da takalmi a ƙafa. Kakanninmu mutanen Garun Maje ne, ƙaramin gari mai ganuwa a bakin iyaka. Ranar da sojan Ingila suka kafa masa igwa, mata suna cikin dakan gero, suka kwashe shi ɗanye suka fita da yara ta ƙofar gabas. Tafiyar ba ta ƙare ba sai da jikokinsu suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Abin da aka gaya mana ke nan.

Bana Kawu Dabo, babbanmu da ya rage, ya dube ni ya ce a daina.

"Halas, ya isa haka, Mastura. An ci mu da yaƙi, mun gudu. Wa ke bikin gudu?"

Ɗansa Fawaz, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da neman abinci ba, ya yi dariya, ya sa baki yana haɗawa da Larabci. "Wallah ya Baba, ka hutar da mu. Gumba fi Jidda? Yalla, a sayo kaza."

"Faɗi sunan garin in ji," na ce masa. Ya kasa.

Raina ya ɓaci. Na karanta yaƙe-yaƙen kowa a jami'a, namu kuwa za a binne shi don kaza! A kamfanin dakon kaya da nake aiki akwai 'yan Najeriya da suka zo kwantiragi, na bi su ɗaya-ɗaya ina tambayar garin. Wani ya ce, "Hajiya, fili za ki saya?" Daga ƙarshe wani injiniya, Abdulbaƙi, ya ce mahaifiyarsa 'yar can ce. Ranar Juma'a na sa shi gaba har gida.

Kawu ya ƙare masa kallo. "Garin yana nan?"

"Yana nan, Baba. Ganuwa ta zube, amma ƙofar gabas ba a bari ta faɗi."

Na ba Abdulbaƙi labarin gumbarmu. Ya ajiye shayinsa.

"Ashe ku ne mutanen gabas! A gida cewa ake maza suka tare ƙofar yamma da kibiya, suna sane ba za su iya da igwa ba, don dai a fitar da yara, kada irin gari ya ƙare. Har yau duk shekara ana daka gumba a ajiye a ƙofar gabas. Ɗan gari ba ya ci. Matafiya ake ba, a ce ko za su gamu da namu."

Kawu ya matso kusa da shi. "Wato ba gudu muka yi ba?"

"Aikenku aka yi, Baba. Ku ne dai ba ku kawo amsa ba."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye, sannan ya daka wa ɗansa tsawa: "Ya walad, kai yaro, fito da turmi!" Fawaz ya yi daka kamar mai kashe maciji, rabin geron a ƙasa. Abdulbaƙi ya kira mahaifiyarsa, Kawu ya karɓi wayar ya fara jero sunayen kakanninsa, ita kuma tana tare shi da gidan da kowanne ya fito.

Mu mun yi sa'a, Kawu yana da rai. Naku ma ba dutse ba ne. Tashi yau ka je wurin babbanku, ka tambaye shi ta wace ƙofa kuka fito, kada ka taso sai ya faɗa maka.