Ko Bango Ɗaya

Duk wanda ya yi firamare a wannan yanki na Gippsland ya taɓa kwana a sansanin yara na bakin tafki, kuma ya sha faɗan Noreen Pascoe. Ita ke riƙe da wurin tun gashinta yana baƙi. Ita ce girki, ita ce cire ƙaya a ƙafa, ita ce tsawa in yaro ya hau kwalekwale ba rigar ruwa. Faɗa gare ta kamar me, amma yaran da ta yi wa tsawa su ne yau suke turo mata nasu 'ya'yan.

Sai gara ta shiga ɗakin kwanan yaran. Dogon ɗaki ne na katako, tun na zamanin kakanni, gindinsa kusan cikin ruwa. Ranar da ƙafar wata malama ta burma cikin katakon ƙasa, makarantu suka ce sun daina kawo yara sai an yi sabo. Noreen ta nemi izinin gini a ƙaramar hukuma, aka ce ta jira. Jira kuwa ba ya cikin halinta.

Mu nan abin da muka iya shi ne aikin gayya. In rufin coci ya yaye, ko filin ƙwallo ya yi ciyawa, sai a sa ranar Asabar, kowa ya zo da guduma, a soya naman sosej da albasa, kafin la'asar an gama. Ba mai tambayar kowa. Haka Noreen ta yi shela: a zo a rushe tsohon ɗaki, a share wuri, izini na fitowa sai gini kawai.

Gari ya fito, wallahi har abin ya ba ta ƙwalla. Merv Tuckwell, tsohon mai katafila wanda suka yi makaranta tare, shi ya ja gaba. Kafin rana ta karkata ɗaki ya kwanta, saura bangon gabas, wanda yara suke sassaƙa sunayensu a jiki tun kafin a haifi rabin masu gayyar.

"Ke Noreen, a bar wannan a tsaye mana," in ji Merv, yana share zufa. "Ko iska ya tare mana in muna gashin nama."

"A bar shi ruwa ya cinye sunayen? Kai dai tun kana yaro kanka ba ya ja. Cire min shi a hankali, katako-katako. A sabon ɗaki zan kafa shi."

"To, ranki ya daɗe. Wa ya isa?"

Aka cire, aka loda a mota, aka kai rumfar bayan gidanta. Aka yi hoto a kan fili fes, Noreen a gaba riƙe da guduma, jaridar gari ta buga.

Da aka kira Noreen ofishin ƙaramar hukuma, da murnarta ta tafi, har da kek a leda. Jami'ar tsara filaye, Anjali Raman, yarinya ce da Noreen ta taɓa yi wa wankin ciwo a gwiwa. Ta ba ta kujera, amma ta kasa kallon idonta.

"Mama Noreen, da gaske kun rushe shi duka?"

"Tas, 'yata. Mun rage muku aiki."

Anjali ta dafe goshi. Ta yi mata bayani a hankali. Dokar yanzu ta hana gina wurin kwana kusa da ruwa haka, saboda ambaliya. Ta kuma hana gina shi kusa da daji, saboda gobara. Filin sansanin kuwa siriri ne, tafki a gaba, dajin itatuwan turare a baya; in ka ja da baya daga wannan, ka faɗa cikin wancan. Tsohon ɗakin ya tsira ne kawai don ya girmi dokar. Muddin yana tsaye, ana iya gyara shi. Da ya faɗi, haƙƙinsa ya faɗi tare da shi.

"Ko bango ɗaya ba ku bari ba?" in ji Anjali. "Da da bango a tsaye, sai in rubuta gyara ne, in yi ta fama da su."

Noreen ta matso da kujerarta. "Bangon yana nan. Yana gidana, ko ƙwarzane babu."

"A gidanki ba ya tsaye a kan filin, Mama." Muryar yarinyar ta karye. "Sunana ma yana jikinsa, can ƙasa wajen taga."

Abin da ya rage shi ne a roƙi kansiloli su yi sassauci. Ranar zaman, zauren ya cika da mutanen gayya. Noreen ta tashi ta yi magana har bakinta ya bushe. Kansilolin nan kusan duk ta taɓa ɗura musu kunun hatsi da safe, suka yi ta yaba mata, wani har da share ido. Yabo dai ba ya tsada! Sannan ɗaya ya tuna musu gobarar da ta ci ƙauyen bayan tudu, ya tambaya wa zai sa hannu a kwantar da yara a wurin da hanyar fita ɗaya ce. Abin da ya fi ƙona ran Noreen shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. Aka ɗaga hannu, aka ƙi.

Washegari Merv ya faka mota a ƙofar gidanta, ya same ta a rumfa.

"Tashi mu mayar da bangon nan, mu kafa. Wa ya gani?"

"Wa ya gani? Ni ce a shafin farko da guduma, tsoho. Ihu bayan hari ke nan."

"Da kin ji tawa..." Ya haɗiye sauran, ya cire hula. "Yi haƙuri, bakina ne."

"Faɗi mana. Gaskiya ce."

Bangon yana jingine, ta riga ta harhaɗa shi, ta shafa masa mai yana sheƙi. Merv ya bi da yatsa har ya sami sunansa, a karkace, an rubuta da ƙusa. Sai ya lura da wani sabon katako fari da aka ɗaura daga ƙasa, an goge shi sumul, ba rubutu ko ɗaya.

"Wannan fa?"

"Na yaran bana ne. Tsohon ya cika, na ce kada su zo su rasa wurin sa suna."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗauko sukudireba, ta durƙusa da ƙyar, ta kwance shi da kanta, ta miƙa wa Merv.

"Ungo. Ai ka ce akurkin kajinka ya ɓalle, je ka toshe da shi."