Kujerar Wanke-wanken Hansai

Hansai ta naɗa gammo ta ɗora tsohuwar kwamfutar a ka, ta bi bayan maƙwabcinta Yunusu ta lungunan unguwar Sabangali, suna raɓe da katanga saboda harsasai. Tun jiya 'yan tawaye suka shigo N'Djamena, aka katse wayoyi, kowa ya kama hanyar kogi.

Ita ba ta da wurin zuwa. Maigidanta Ummaru na kwance a ƙaramin asibitin unguwa da ɓarɓashin ƙarfe a ƙirji. Likita ya tsere, saura nas guda. An ɗauki hoton ƙirjin, amma sai likitan tiyata da ke Kuseri, a ƙetaren kogi, ya gani kafin a san ko Ummaru zai jure tafiya. In ƙarfen na kusa da zuciya, girgizar mota ta ishe shi. In an bar shi a nan kuma, jini zai ƙare.

Matsalar ita ce kwamfutar injin hoton tsohuwar yayi ce, ko ramin soka filas ɗin kwafar bayanai ba ta da shi. Wadda ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam kuwa sabuwa ce fil. An haɗa su da waya, kowacce ta yi gum.

"Yaya Hansai, ba sa jin yaren juna," in ji Yunusu, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa. "Sai an sa tafinta a tsakani. Wannan ta kanki tana jin na tsohuwa, tana jin na sabuwa."

Kunya ta kama Hansai. Ita ce fa tarkacen da ta sha rantsuwa za ta jefa a kogin Shari, ƙarshe ta mayar da ita kujerar wanke-wanke. Har yanzu ga sawun sabulu a jikinta.

A asibiti Yunusu ya durƙusa, ya soka waya mai kauri a wannan rami, siririya a wancan. Injin wuta na tari. Kwamfutar ta yi gurnani, ta mutu. Ya buɗe ta ya hure busasshiyar shinkafa daga ciki, ya ɗago ya yi wa Hansai kallon da ya fi zagi ciwo. Da ya sake kunnawa, wata 'yar fitila kore ta fara ƙiftawa.

"Ya wuce!" in ji nas. "Hoton ya wuce zuwa wurin likitan Kuseri."

Ba a jima ba amsa ta dawo: ƙarfen ya kauce wa zuciya, a kawo shi yanzu, a hankali.

Hansai ta fashe da kuka. Godiya ta cika mata ciki har ta rasa ta inda za ta fara.

"Yunusu, Allah ya jiƙan mahaifa. Shukran, ƙanena."

Ya miƙa hannu zai cire wayoyin, nas ta riƙe shi, ta nuna masa waɗanda ke kwance a baranda suna jiran hoto.

Hansai ta sunkuya ta goge sawun sabulun da bakin mayafinta.

"A bar ta nan," ta ce. "Ni daga yau a tsugune zan yi wanke-wankena."